Shin fim ɗin Jack of All Trades ya yi wa masu tara katunan 'yan wasa adalci?

Mai Gwanjo: Assalamu alaikum. Ni a ganina wannan fim na gaskiya da ya fito a 2018 ya tauye wa masu tara katuna haƙƙinsu. Stu Stone, ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya fim ɗin, ya kwaso akwatunan katunan besbol da ya adana tun yana yaro a Toronto ta Kanada, ya kai su kasuwa, aka shaida masa cewa ba su da wata daraja, don haka mai kallo zai tashi da zaton cewa harkar gaba ɗayanta asarar kuɗi ce.

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, ban ga tauyewa a nan ba. Katunan da ke hannunsa na ƙarshen shekarun 1980 ne zuwa farkon 1990, lokacin da kamfanonin Topps da Fleer da Donruss da Upper Deck suka yi ta bugawa babu ƙaƙƙautawa, iyaye da yara kuma suna saye suna ɓoyewa da niyyar sayarwa nan gaba. Abin da kowa ya ɓoye a gidansa ba zai yi tsada ba, ko da kuwa katin ɗan wasa Ken Griffey Jr. ne na Upper Deck na 1989, wanda aka yi wa kallon dukiya. Ga kuma yajin aikin 'yan wasa na 1994 da ya sa aka soke World Series, wato wasannin ƙarshe na gasar besbol ta Amurka, kasuwar ta ƙara durƙushewa.

Mai Gwanjo: Malama, ban musa wannan tarihi ba, amma zamani ɗaya ne aka ɗora a matsayin harkar duka. Katin Mickey Mantle na Topps na 1952 an sayar da shi dala miliyan 12.6 a gwanjon Heritage a Agustan 2022. Kuma yau abin da ke yanke farashi shi ne tantancewa: kamfani irin PSA yana duba kusurwoyi da gefuna da daidaiton hoto a tsakiya, ya ba da maki daga 1 zuwa 10, sannan ya rufe katin a cikin roba. Wannan katin na Griffey idan ya samu 10, farashinsa ya ninka na mai 8 sau da yawa.

Tsohon Ɗan Jarida: Ku gafarce ni in sa baki. Malam, ba a zargin fim na 2018 da rashin ganin cinikin 2022, ko tashin da kasuwar ta yi lokacin korona. Inda nake da ƙorafi shi ne yadda labarin ya karkata zuwa neman mahaifin Stone, mai shagunan katuna na Sluggers wanda ya bar iyalinsa, har zargin da ake wa Upper Deck na sake buga katuna masu tsada ya tsaya a rabin hanya.

Malamar Tarihi: Ranka ya daɗe, a nan ma na saɓa maka, domin uban shi ne ya sayar wa yara wannan buri a shagunansa, ɗansa kuma yana cikin waɗanda suka saya. Batun Upper Deck kuwa na yarda, ya cancanci bincike mai zurfi fiye da wanda aka yi masa.