Filin wasan yara na tunawa da Gimbiya Diana a Landan, wa ya taɓa zuwa?

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa. In sha Allah wannan hutun za mu je Landan da maigida da yara uku, babbar shekararta 11 autan kuma 3, an ce min akwai filin wasa a Kensington Gardens da aka yi don tunawa da Diana, shin ya cancanci mu ware masa rana? Kuma ana biyan kuɗi?

Abu Sadiq:
Wa alaikumussalam. Kyauta ne Hajiya, ba ko sisi. An buɗe shi a 2000, shekara 3 bayan rasuwarta, dab da fadar Kensington inda ta zauna. Ku sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Queensway, tafiya kaɗan ce. Yara har 'yan shekara 12 ake bari, kuma babba ba ya shiga sai da yaro.

Ummu Khairat:
Wallahi ku je! A kan tatsuniyar yara ta Peter Pan aka tsara shi, lokacin da muka je akwai ƙaton jirgin ruwa na katako na 'yan fashin teku a tsakiyar yashi, ga bukkoki ga wurin hawa, yarana da ƙyar muka fito da su, ƙaramin har da kuka. Ni abin da ya taɓa min zuciya shi ne an yi shi yadda yara masu buƙata ta musamman ma za su yi wasa. Ki riƙe musu kayan canji saboda yashi, kuma ku je da safe don in ya cika sai an bi layi.

Maman Ilham:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Da safe za mu je.