Wutar da ke kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara: me za mu kira ta?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Neman kalma ne ya sake kawo ni. Jiya ina fassara labarin gobarar dajin Kanada sai na ci karo da abin da 'yan jaridar Turawa ke kira "zombie fire", na tsaya cak. Abokin aikina ya ce in rubuta "wutar fatalwa" mu wuce, lokaci na ƙurewa. Na rubuta ɗin, amma har na kwanta barci hankalina bai kwanta da ita ba.

Ga abin da ake nufi tukuna. Akwai dajin da ya yi wa arewacin duniya ɗamara, daga Alaska ya ratsa Kanada, ya tsallaka Sweden da Finland, ya mamaye Saiberiya. Itatuwansa masu ganye kamar allura ne, cike da ƙaro, shi ya sa wuta ke haye su har ƙololuwa. To amma sirrin yana ƙasa. Saboda sanyi, ganye da gansakukan da ke zuba ba sa gama ruɓewa, sai su yi ta taruwa shekaru aru-aru, su danƙare, a wasu wuraren kaurinsu ya fi tsayin mutum. Idan fari ya busar da wannan shimfiɗa, wuta takan nutsa cikinta. Ba harshe, ba ƙara, sai ci a hankali. Dusar ƙanƙara ta zo ta lulluɓe ta kamar bargo, ta yi watanni a haka. Ranar da ƙanƙara ta narke, wajen Afrilu ko Mayu, iska ta kaɗa, sai ta leƙo ta ci gaba daga inda ta tsaya.

A 2023 kimanin hekta miliyan 15 suka ƙone a Kanada, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ajiye lissafi. A Agustan shekarar aka kwashe mutanen Yellowknife, kusan 20,000, garin da hanyar mota ɗaya ce tak ke fita daga cikinsa zuwa kudu. Da hunturu ya shigo sai aka ga hayaƙi na tashi daga cikin farar dusar ƙanƙara a yankin Fort Nelson da ke British Columbia. A Mayun 2024 aka kwashe mutanen Fort Nelson ɗin, kuma cikin wutar da ta sa garin a gaba akwai wadda ta kwana tun shekarar da ta gabata.

Kun ga inda "fatalwa" ta gaza ke nan. Fatalwa sai an mutu ake zama ita, wannan kuwa ba ta taɓa mutuwa ba. Kuma ka ce "wutar fatalwa" a rediyo, wallahi rabin masu sauraro maganar aljanu za su ɗauka kana yi.

Shawarata: wutar ƙaiƙayi.

Ina ɗan shekara bakwai ko takwas, bayan an gama sussukar gero an sheƙe, aka cinna wa tarin ƙaiƙayi wuta a bayan gidanmu. Kwana biyu bayan nan na biyo wani ɗan akuya a guje, na ga toka fara fat, ko ɗigon hayaƙi babu, na taka. Ƙafata ta lume har idon sawu. Ihun da na kurma har maƙwabta sai da suka fito. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana shafa mini magani tana faɗa: "Kai, ɗan nan, wa ya ce maka wutar ƙaiƙayi na mutuwa?" Tabon na nan har yau. Da na ga hoton hayaƙin nan na Fort Nelson, ƙafata ce ta fara gane shi kafin kaina.

Na ga amsoshin da kuka aiko kan wannan shawara tawa, na gode.

Wani malami daga Zariya ya ce ai babu ƙaiƙayi a dajin Kanada, don haka sunan ƙarya ne. Allah ya gafarta Malam, jirgi ma a ruwa muka san shi, amma da muka ga na sama ba mu ce sai ya jiƙe za mu ba shi sunan ba. Halin wutar muke so mu kama, kuma halin ɗaya ne: ci ta ƙarƙashi, sama lafiya lau.

Wata Hajiya daga Damagaram ta kawo "binnanniyar wuta", irin garwashin da ake turbuɗewa cikin toka da dare a tono shi da asuba a hura. Hajiya, wannan ta burge ni ƙwarai, saura kaɗan in sallama. Abin da ya hana ni shi ne duk abin da aka binne akwai wanda ya binne shi kuma ya san inda yake. Wannan kuwa ita ta binne kanta, neman ta ake yi. Wani kuma ya ce "wutar kwantai". Na yi dariya, amma kwantai kayan da suka rasa mai saye ne, ba sa tashi su ci gari.

Mai cewa Hausawa sun riga sun ba "wutar ƙaiƙayi" ma'anar gabar da ake ɓoyewa a ciki, gaskiyarka ne, kuma a ganina wannan riba ce. Kunne ya riga ya saba jin haɗari a cikin kalmar.

Abin da ya sa na dage har haka, maganar rai ce. Yanzu kowa na iya buɗe taswirar FIRMS ta hukumar NASA a waya ya ga jajayen ɗigo inda tauraron ɗan'adam ya hango zafi. Wutar da ke ƙarƙashin ƙanƙara sau da yawa ba ta fitowa a wannan taswira. Sai ma'aikata sun bi gefen tsohuwar ƙuna da kyamarar gano zafi, wani lokaci ma su cire safar hannu su cusa hannu cikin toka su ji, su tone, su zuba ruwa. Hukumomin Kanada suna da matakai: wutar da ta gagara, wadda aka tare, wadda aka shawo kanta, sannan wadda ta mutu. Mu masu fassara mukan dunƙule biyun ƙarshe mu ce "an kashe wutar", kuma kuskure ne babba. Wanda ya ji an kashe zai shiga ƙonannen daji hankali kwance, alhali akwai ramukan toka mai zafi da itatuwan da saiwarsu ta cinye, suna jiran iska kaɗan su faɗo.

Tunda muna kai, gargaɗin farko da hukuma ke bayarwa idan wuta ta doso gari, wato a haɗa takardu da magunguna a cika tankin mota, ni "zaman ko-ta-kwana" nake ce masa. Na biyu kuwa "umarnin ficewa", babu tsayawa ɗaukar kaya. Kada a gauraya su.

A labaran gobe "wutar ƙaiƙayi" zan sa, da jimla ɗaya ta bayani a karon farko. Mutanen Sakkwato da na zangon Kumasi, haka kuke ce wa ƙaiƙayi ko akwai wani suna a wajenku? Ku gaya mini kafin ƙarfe shida.