Wace bindiga ta dace da ajin Open a gasar IPSC?

Maharbi Sabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana kan bindigar hannu ta shiga ajin Open, wato ajin da aka yarda a ƙara wa bindiga kayan gyara irin madubin saiti, a ƙarƙashin dokokin IPSC, ƙungiyar gasar harbi ta duniya. Ido na a kan uku: CZ 75 TS Czechmate, Tanfoglio Gold Custom, ko ɗaya daga cikin samfurin bindigar da ake kira 2011, irin na kamfanonin Bul Armory da Infinity. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne harsashin, 9 Major (harsashin milimita 9 da aka ƙara wa ƙarfi) ko .38 Super Comp? Kuma dole ne sai mutum ya riƙa ɗura harsashinsa da kansa? Lasisi da kulob duk an kammala, zaɓin ne ya rage.

Kunama:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, fara da lissafi kafin ka kalli sunan kamfani. Ma'aunin ƙarfi shi ne nauyin kan harsashi a giren (ƙaramin awon nauyi da ake auna harsashi da shi), a ninka da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1000. A Open na IPSC sai ka kai 160 kafin a lissafa ka a Major, wato rukunin harsashi mai ƙarfi da ya fi samun maki, kuma kan harsashin kada ya gaza giren 120. A Amurka, wajen ƙungiyarsu ta USPSA, 165 ne kuma suna karɓar giren 112 zuwa sama, shi ya sa za ka ji Amurkawa suna yabon mai giren 115. Kai ba zai yi maka ba.

Da giren 124 kana buƙatar ƙafa 1291 don ka taɓa 160 daidai. Kada ka tsaya a bakin layi. Na'urar auna gudu ta wurin gasa ba lallai ta yi daidai da taka ba, zafi da sanyi ma suna canza gudun albarushi. Ka nemi 1340 zuwa 1350, wato wajen 166 ko 167. Idan ka faɗi awo za a mayar da kai Minor, rukunin ƙasa, a duk gasar: yankin C na allon da ake harbi ya koma maki 3 maimakon 4, D ya koma 1 maimakon 2. A Open kusan kowa Major yake harbawa, don haka ka sha kaye tun kafin a tattara sakamako.

Batun ɗura harsashi kuwa, ka ɗauka dole ne. Kwamfanseta, wato ƙarfen nan mai ramuka da ke bakin hancin bindiga, da iskar albarushi yake aiki. Iskar ce ke fita ta sama ta danne hancin kada ya ɗaga. Saboda haka ana son albarushi mai cin wuta a hankali mai yawan iska, irin Vihtavuori 3N38, Hodgdon HS-6 ko Accurate No. 7. Harsashin 9 na kanti ba ya ba da wannan iskar, wani lokaci ma silaid, wato saman bindigar da ke ja da baya in an harba, ba zai koma baya sosai ba, kwanso ya maƙale. Awon albarushi kuma daga littafin kamfanin da maƙerin bindigarka za ka ɗauka, ka fara daga ƙasa kana hawa da na'urar auna gudu a gabanka, kana duba bayan kwanso ko firaima, ɗan maɓallin da ke kunna albarushi, ta baje.

Dattijon Fili:
Abin da Kunama ya faɗa haka yake. Bari in tsaya a kan 9 da .38, don nan ne kuɗi suke.

Kwanson 9 tsawonsa milimita 19 ne, na .38 Super kusan 23. Wannan milimita huɗun ita ce duk rigimar. A .38 albarushi yana samun wuri, matsin yana da sauƙi. A 9 Major kana cusa albarushi har ya kusa cika kwanso, yana zubewa a kan injin ɗuri idan ka yi sauri, matsin kuma ya wuce abin da aka tsara wa 9 ta yau da kullum. Dole ɗakin harsashin, inda yake zama a bututun bindiga kafin a harba, ya rungume gindin kwanso gaba ɗaya, in ba haka ba kwanso yana kumbura ko ya fashe. Kuma ka ware akwatinsa daban da alama mai kyau, kada wata rana ya faɗa cikin bindigar 9 ta gama-gari.

Ribar 9 ita ce kwanso yana da araha, ana samunsa ko'ina, ka harba ka bar shi a ƙasa. Na Super Comp yana da tsada, kuma a manyan gasanni sau da yawa ba a barin ka tsaya tsinta. Amma ya fi tafiya lafiya a 2011, domin tun asali an yi gidan harsashinta, wato magazin, ne don dogon harsashi. Da 9 ko dai a sa ƙarfen cike gurbi a bayan gidan harsashin, ko ka ɗura shi da tsawo. Super Comp ya bambanta da .38 Super na asali da cewa ba shi da ɗan leɓen nan na gindi, shi ya sa yake jeruwa sumul ba ya harɗewa.

A gani na, in kana da hanyar samun kwanson Super Comp ba yankewa, ɗauke shi. In sai an yi odarsa daga wata ƙasa ana jira wata da watanni, 9 Major ta fi maka kwanciyar hankali.

Mai Gyara:
Ranka ya daɗe Dattijo, na yarda da kai, sai dai zan ƙara cewa yawancin maƙalewar da ake ɗora wa 9 laifin gidan harsashi ne da wurin zaman madubin saiti.

Doka ta ba ka gidan harsashi har milimita 170, wanda a 2011 yake ɗaukar 28 ko 29. Doguwar tasha, wato zango ɗaya na gasa, a IPSC ba ta wuce harsashi 32, don haka babba ɗaya ko biyu da matsakaita uku masu milimita 140 sun isa. Ka auna babban da kanka bayan ka sa murfin gindi, domin na kasuwar Amurka ana yin su ne a kan 171.25. Leɓɓansa na sama suna buɗewa saboda yawan faɗuwa ƙasa, sai harsashi ya miƙe tsaye ko ya dunguri ƙasa. Ka sa wa kowanne lamba, wanda ya ba da matsala ka san shi. Duk wanda ya faɗi cikin yashi a kwance shi a goge kafin tasha ta gaba, kuma ba a sa masa mai.

Madubin jan ɗigo a Open yawanci a gangar jikin bindiga ake ɗaure shi, ba ya tafiya da silaid. Tsohon madubin C-More mai zama a tsaye yana rufe saman tagar da kwanso ke fita, gajeren kwanson 9 ya buge shi ya dawo ciki. Maganin shi ne mazauni mai kwantar da madubin a gefe, ko ƙaramin madubi irin RTS2, tare da daidaita ƙugiyar da ke zaro kwanso. Ɗigo mai girman MOA 6 zuwa 8 (MOA shi ne awon girman ɗigon) ya fi saurin kamuwa da ido a rana. Sukurorin mazaunin a sa musu gam mai shuɗi, a ja musu layin fenti, da sun motsa ka gani.

Kan harsashi kuma ka nemi wanda gindinsa a rufe yake da tagulla. Mai buɗaɗɗen gindi yana tara dalma a ramukan kwamfanseta, sai ka zauna kana kankarewa. Sifirin ɗin mayar da silaid yawanci fam 7 zuwa 9 ne. Ka gwada, wanda ɗigon ya tashi ya dawo inda ya baro shi ne naka.

A cikin ukun da ka lissafa, Czechmate tana zuwa da madubi da gidajen harsashi a akwati ɗaya, hanya ce mai sauƙi ta shiga, amma ka riƙe ƙarfen tsayar da silaid na ajiya, shi ne ke karyewa da zafin Major. Tanfoglio ba ta buƙatar shaida, da ita Eric Grauffel na Faransa ya ci kambun duniya sau da dama tun daga 1999. Ita 2011 ta fi kowa yawan kayan gyara da masu iya ta, kunamarta kuma tana ja kai tsaye baya.

Maharbi Sabo:
Allah ya saka da alheri. Ke nan 2011 a 9 Major? Sabuwa ko ta hannu?

Kunama:
Duba abin da 'yan kulob ɗinku suke harbawa da wanda maƙerin yankinku ya iya gyarawa, shi za ka saya, don ranar da ƙugiya ta karye daga jakar maƙwabci za ka samu. Ta hannu ba laifi, in ka duba da kyau. Cire silaid ka haska shi da tocila, musamman kusa da tagar fitar kwanso da inda aka fafe shi don rage nauyi, nan tsagewa take farawa. Duba bangon farko na kwamfanseta ko wuta ta cinye shi, ka tabbata bai karkace ba, alamar tagulla a bakin raminsa tana nufin harsashi yana gogarsa. Ja silaid ka sake shi ka ga ko guduma tana bin sa, in ta bi kada ka karɓa sai an gyara. Sannan ka ce mai ita ya kawo gidajen harsashinta da irin harsashin da yake ɗura mata, ku je fili ka harba 200 a jere da kowane gida kafin kuɗi su fita daga hannunka.