Me ya sa laka ke riƙe ruwa amma dutsen yashi na shanye shi?

Sabon_Ɗalibi: Jama'a, a taimaka min. Na zuba ruwa kan guntun dutsen yashi, nan take ya shanye. Na zuba kan jiƙaƙƙiyar laka, ya kwanta. To an ce laka ta fi yawan ramuka a ciki. Ta yaya?

Injiniya_Rijiya: Ɗan'uwa, yawan ramuka daban, haɗuwarsu daban. Ramukan laka suna da yawa, amma hanyoyin da ke tsakaninsu matsattsu ne ƙwarai, ruwan ya manne wa ƙwayoyin ya kasa wucewa. Wani injiniya, Henry Darcy, ya gwada irin wannan da yashi a Dijon, Faransa, a 1856: idan bambancin matsin ruwa tsakanin mashiga da mafita ya ninka, gudun ruwan ma ninkawa yake.

Hajiya_Kimiyya: Ƙari kaɗan, Injiniya. Ruwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana jan ƙananan ƙwayoyi. Su ne ke maƙalewa a maƙogwaron ramukan su toshe hanya. Shi ya sa rijiyar burtsatse kan rage ruwa alhali ƙasan ba ta ƙafe ba.

Sabon_Ɗalibi: Ashe! To ɗanyen man fetur fa, da ya fi ruwa kauri?

Injiniya_Rijiya: Ƙa'ida ɗaya ce, kaurin ne ke rage masa gudu.