Musayar Waƙa: Kwalin Ƙarƙashin Gado

Baba Mai Sauti:
Jiya na jawo wani kwali, na tarar da kaset-kaset ɗin ɗan kamfaninmu. Barci ya ƙi zuwa.

Mu uku muka kama ɗaki a titin Zoo,
Da kuɗin adashi, ba mai tallafawa.
Shekarar da rediyon Freedom ta buɗe, 2003,
A cikinta mu ma muka soma naɗawa.
Fiyanon Yamaha guda, makirfo guda,
Soso a bango, ƙarar acaɓa yake tarewa.
In NEPA ta ɗauke ana tsakar baiti,
Mawaƙi ya koma farko, gumi na zubowa.

Ɗan Wambai:
Baba, ina yaron shago a Ƙofar Wambai,
Kayanku a ka nake ɗaukowa.
Kun kawo na bege ranar Litinin,
Kafin Juma'a na jabu ya cika kasuwa.
Bangonsa a dushe, sautinsa da shuu,
Amma rabin kuɗi ne, shi ake rububawa.

Baba Mai Sauti:
Ɗana, ka fama mini tsohon miki.
Bashi muke bayarwa, biya sai an sayar,
Dillali ya ce jibi, jibin ba ta zuwa.
CD ta shigo, memori na biye da ita,
Shekara huɗu ba mu cika ba, kwaɗo muka sa wa.

'Yar Fagge:
Allah ya mayar da alheri, Baba.
Ina tsohon nan mai gurmi da kuka ɗauka?
Mahaifina har gobe yana tambayawa.

Baba Mai Sauti:
'Yata, shi ne ya hana ni barci.
Daga ƙauye ya zo da gurmi a buhu,
Kujera ya ƙi, tabarma aka shimfiɗawa.
Ya ce a kashe fiyano, ba ya son rakiya,
Yatsunsa da muryarsa suna isarwa.
Kaset mai minti 90 ya cika a zama ɗaya,
Goro a kunci, idonsa a rufe yana rerawa.
Dillalai suka ce ba shi da kasuwa,
Ba mu buga ba, wallahi ina nadamawa.
Ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama,
Muryar tana kwali, ƙura na rufewa.

Ɗan Wambai:
Baba, kar ka sa shi a kowace rediyo,
Tsohon zare ne, tana iya cinyewa.
Ina da mai lafiya, ga kuma kwamfuta,
Asabar bayan la'asar ina tahowa.
Ka nemo biro, mu fara juya shi a hankali.