Ƙarshen hunturu a Turai da Kanada: me kowa yake yi wa jikinsa?

Daga Landan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mun shiga rabin Fabrairu, rana ta fara jinkirin faɗuwa, amma har yanzu ana ta kukan kasala da nauyin jiki, musamman waɗanda wannan ne hunturunsu na farko. Wanda ya taso a Kano, inda bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, dole ya sha mamaki a garin da yinin 21 ga Disamba bai cika sa'a 8 ba. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya jarraba, domin sababbin zuwa su amfana.

Daga Glasgow, ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da nake yawan faɗa wa mutanenmu shi ne, kada hasken da ya dawo ya ruɗe su. Ranar Fabrairu a nan tana da kyaun gani, amma ba ta da ƙarfin da fata za ta sarrafa bitamin D da ita, sai wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Shi ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, take ba da shawarar shan makrogiram 10 na bitamin D a kullum daga Oktoba zuwa Maris, ta kuma ce masu duhun fata da masu rufe yawancin jikinsu su duba yiwuwar ci gaba da sha duk shekara, wanda kuwa ya haɗa kusan dukanmu, mata balle. Ni a wannan watan ne ciwon ƙafa da na baya suke matsa mini, saboda abin da jiki ya tara da bazara ya riga ya ƙare. Ina haɗiyar ƙwayar tare da abinci mai maiƙo, domin ta haka jiki ya fi karɓarta. Mai shakkar gelatin (sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi) da ake rufe wasu ƙwayoyin da shi ya nemi na ɗigawa a baki ko na fesawa, duk suna nan a kantin magani.

Daga Tromso, ƙasar Norway, ɗalibi:
Anti ta faɗi gaskiya. A nan rana ba ta ɓullowa ko kaɗan daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, kuma ranar 21 ga Janairu, lokacin da take leƙowa ta bayan duwatsu, mutanen gari har wani burodi mai zaƙi suke ci don murna. Abin da ban zata ba shi ne dawowar hasken ma tana da nata wahalar, domin yini yana ƙaruwa da kusan minti 10 kowace rana, barci ya rikice, mutum ya kwana idonsa biyu ya wuni yana hamma. Abin da ya daidaita ni shi ne ƙin komawa gado bayan sallar asuba. Ina zama gaban wata fitila mai kwaikwayon hasken rana, mai ƙarfin lus 10,000 (lus ma'aunin haske ne), kamar rabin sa'a ina karatu, da gari ya waye kuma in taka da ƙafa zuwa makaranta ko da akwai gajimare, tunda hasken waje ya ninka na ɗaki nesa ba kusa ba. Man hantar kifin da suke sha da cokali ma na koya, ko da yake ƙarninsa sai mai haƙuri.

Daga Edmonton, Kanada, uwar yara:
Ni damuwata fata ce da ƙanƙara. Hitar ɗumama ɗaki tana busar da iskar gida fiye da yadda hazon hunturu yake yi a gida Najeriya, sai ka ga faso a dugadugai, leɓe ya tsattsage, ƙaramin ɗana kuma ya tashi da haɓo a matashin kai. Na rage zafin ruwan wanka, ina shafa musu man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba, na kuma sa na'urar ƙara danshi a ɗakin barcinsu. Sannan 'yan'uwa a kula da hanya: dusar ƙanƙara tana narkewa da rana ta sake daskarewa da dare, ta zama santsin da ido ba ya gani. Kada a yi gaggawar ajiye takalmin sanyi don an ga rana ta fito.

Daga Birmingham:
Alhamdu lillahi, azumin 2026 ya faɗo a wannan lokaci, sa'a 12 da ɗoriya kawai, ba kamar na 2016 da muka haura sa'a 18 ba. Sai dai sanyi yana ɓoye ƙishirwa, don haka ina tilasta wa kaina ruwa da kunun tsamiya tsakanin buɗa baki da sahur. Hajiyar Edmonton, ku tuna za a tura agogonku gaba da sa'a ɗaya, wato sauyin lokacin bazara, ranar 8 ga Maris, cikin azumi. Namu sai 29 ga wata, bayan salla.

Daga Glasgow, ƙari:
Na gode da tunin azumi, Alhaji. Ƙwayar bitamin sai a mayar da ita lokacin sahur. Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Idan ƙuncin rai ya ɗauki makonni, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ya riƙa guje wa jama'a, to ya wuce kasala, kuma ba raunin imani ba ne. Ya je ya ga likitansa, ya bayyana masa komai, ya kuma tambaya ko akwai buƙatar a auna jininsa.