Nanotub ɗaya ya ba ni 180 kΩ, ina kuskuren yake?

Aminu, Zahran:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai duba mini wannan lissafi. Nanotub ne, wato siririn bututu, na kabon mai bango ɗaya, kwance a kan silikon mai shimfiɗar SiO2 ta nanomita 300. Kaurinsa kusan nanomita 1.4 a ma'aunin AFM (na'urar da ke shafa abu da siririn tsinke ta auna shi), tazarar da ke tsakanin maɗaurai biyun, wato ƙarafan da ke haɗa shi da wuta, kuwa maikromita 2. Titaniyom aka fara zubawa, nanomita 5, sannan zinariya 50 a kai. Da na sa multimita sai ta nuna turjiyar 180 kΩ (om dubu 180), bayan minti kaɗan ta koma 240. Ko'ina ana cewa nanotub ya fi jan ƙarfe kai wuta, to yaya zare mai tsawon maikromita 2 zai yi turjiya haka? Bututun ne ya lalace ko awon ne ba daidai ba?

Dakta Sa'adatu, Jidda:
Wa alaikumus salam Malam Aminu. Ka fara ajiye multimitar nan tukuna. Ba ka san yawan bolt ɗin da take turawa ba idan tana awon om, kuma ga nanotub turjiya na canzawa da bolt ɗin da aka ɗora masa. Nemi ma'auni irin Keithley 2400, ka sa milibolt 10 kacal, ka ƙayyade masa kada wutar ta wuce maikro'amfa 1.

Sai maganar jan ƙarfe. Ko nanotub mara aibi ko ɗaya, da maɗaurai mafi kyau a duniya, ba zai sauko ƙasa da kusan 6.5 kΩ ba. Hanyoyi biyu kawai elektron ke da su a cikinsa, kowace tana ɗaukar juyin elektron (spin) iri biyu, huɗu ke nan, sai a raba h/e² wato 25.8 kΩ gida huɗu. Wannan turjiyar ba a jikin bututun take ba, a bakin shiga da bakin fita take, inda wuta ke barin faffaɗan ƙarfe ta kutsa ƙunci. Kamar mahajjata ne a bakin ƙofa: titin na da kyau, amma ƙofar ce ke yanke yawan masu wucewa.

A zafin ɗaki da ƙaramin bolt, elektron kan yi tafiyar kusan maikromita 1 kafin girgizar atam ta karkatar da shi. Saboda haka naka lissafin shi ne 6.5 × (1 + 2/1), wajen 20 kΩ, in bututun mai halin ƙarfe ne. Yanzu ɗauki jan ƙarfe mai siranta irin tasa, faɗin bakinsa kusan murabba'in nanomita 1.5: zai ba ka kusan 11 kΩ a kowace maikromita, shi ma in an yi masa alfarma an ce halinsa bai lalace ba da ya sirance haka, alhali lalacewa yake yi sosai. To nan fifikon yake. Ba wai om kaɗan za ka gani a ma'auni ba.

Ragowar 160 kΩ ɗinka ita ce abin nema, kuma abin da na fi zargi biyu ne. Na farko, watakila bututun semikondakta ne. Yadda aka naɗe shimfiɗar girafin (kabon mai kaurin atam ɗaya) ke yanke wannan, ana nuna naɗin da lambobi biyu (n,m): idan n − m ya rabu da 3 ba saura, kamar (10,10), halin ƙarfe gare shi, in ba haka ba, kamar (6,5), semikondakta ne. In ba a tace su ba, biyu cikin uku semikondakta ne, kuma mai kaurin naka giɓin ƙarfin da elektron zai tsallake kafin ya kai wuta zai kai kusan 0.6 eV. Gwajin ba wuya. Haɗa silikon ɗin ƙasa a matsayin get, wato ƙofar da bolt ɗinta ke buɗe ko rufe wutar bututun, ka zaga daga −10 zuwa +10 bolt. In wutar ta faɗi sau dubu ko fiye a ɓangaren + to ka samu amsa. In da kyar ta motsa, mai halin ƙarfe ne, sai ka koma kan zargi na biyu, titaniyom.

Abu Yasir, Riyad:
Bayanin Dakta ya gamsar. Abin da zan ƙara: me zai hana a yi awon ƙafa huɗu? Biyu na waje su tura wuta, biyu na ciki su karanta bolt, turjiyar maɗaurai ta fita daga lissafi. Sannan a kula da wutar da ke taruwa a jiki. Nan Riyad iska a bushe take, taɓawa ɗaya ba tare da igiyar hannu mai zubar da cajin jiki ƙasa ba ta isa ta tsinka bututun. A haɗa duk alluran awo da ƙasa kafin a sauke su, a kashe get a hankali.

Dakta Sa'adatu, Jidda:
Maganar igiyar hannu gaskiya ce, Malam Abu Yasir. Amma ƙafa huɗu a kan bututu ɗaya yaudara take yi. Ƙarfen da aka zuba a tsakiya ba leƙe kawai yake yi ba, ya rufe bututun, elektron na shiga cikinsa su fito, sai ka tarar kana auna guntaye uku a jere. A kan shimfiɗar nanotub masu yawa kam tana aiki lafiya. Ga guda ɗaya, gara a samu dogon bututu a jera masa maɗaurai da tazara daban-daban, misali 0.3, 0.5, 1, 2 da 4 maikromita, a zana turjiya da tsawo. Gangaren layin shi ne na bututun, inda ya yanke a tsawon sifili shi ne 6.5 kΩ haɗe da na maɗauran.

Injiniya Bashir, Suwal:
Malam Aminu, a kan titaniyom: yana saurin haɗuwa da iskar oksijin, in injin zuba ƙarfen bai zuƙe iska sosai ba, abin da ya sauka kan bututun rabinsa tsatsa ne. Tun 2003 rukunin Hongjie Dai a Stanford suka nuna palladiyom ya fi dacewa, don yana manne wa kabon sosai kuma ba ya gina shinge ga semikondakta nau'in p (mai kai wuta da caji +). Zuba nanomita 20 zuwa 30 kai tsaye. In kana tsoron ɓarewa, sa titaniyom a faffaɗan wurin da allura ke sauka kaɗai, kada ya taɓa bututun. Ragowar PMMA, robar da ake shafawa wajen zana maɗaurai, ma na shiga tsakani. Bayan an wanke ta da asiton, a gasa a cikin argon wajen digiri 250 zuwa 300. Kada ka kuskura ka share shi da filasmar oksijin, za ta cinye bututun tare da dattin.

Tashin da ya yi daga 180 zuwa 240 kuwa, get ɗinka a sake yake, ga kuma laima. Ruwa na lafewa a kan SiO2 yana riƙe caji, shi ya sa layin tafiya da na dawowa ba sa haɗuwa idan an zaga get. Gabar teku irin Zahran da nan wajenmu abin ya fi tsanani. Zuƙe iska kaɗai ba ya korar ruwan duka, sai an haɗa da ɗumamawa wajen digiri 200.

Kuma ka san inda za ka tsaya da bolt. Da elektron ya tara kusan 0.16 eV sai ya tayar da babbar girgiza a jikin bututun ya zubar da ƙarfinsa, tafiyarsa ta ragu daga maikromita zuwa nanomita goma sha wani abu. Shi ya sa wutar ke cijewa a kusan maikro'amfa 25, kamar yadda rukunin Cees Dekker a Delft suka auna a 2000. Kowane bolt 1 na ƙara kusan 40 kΩ a kan abin da za ka karanta. Ka matsa gaba a cikin iska, tsakiyarsa ya kai wajen digiri 600, ya ƙone.

Aminu, Zahran:
Allah ya saka da alheri. An zaga get da milibolt 10: a −10 bolt ya ba da 95 kΩ, a +6 wutar ta faɗi ƙasa da nano'amfa 1. Semikondakta ne ashe. Injiniya, palladiyom ɗin a zuba da sauri nawa a daƙiƙa?